Wasan da na saya ya ƙi buɗewa sai da intanet

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon wasannin kwamfuta a Zango, nan Damagaram. Na sayi wasan ƙwallo na asali, ba kwafi ba, amma makullin kare haƙƙin mallaka da ke cikinsa sai ya nemi intanet ya tabbatar ni ne. Shekaranjiya aka ɗauke wuta, na sake kunnawa, ya ƙi buɗewa, yara shida na zaune riƙe da kuɗinsu.

Wani mai gyara a kasuwar Dole ya ce zai saka min fasasshe, wato kwafin da aka cire wa makullin, ni kuwa tsoron ƙwayar cuta nake, kalmomin sirrina duk suna ciki. Shi kansa makullin, me yake kwasa daga kwamfutata? Na ji GOG, wani shagon wasanni na intanet, na sayar da wasanni marasa makulli. Akwai wanda ya taɓa biya daga Nijar?