Wace Hausa za mu ba "connectivité cérébrale"?

Ma'aikaciyar jinya, Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Ina neman Hausar connectivité cérébrale, kalmar Faransanci ta yadda sassan ƙwaƙwalwa ke haɗe da juna. Iyayen yaran da ke da autisme, larurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, kan tambaye mu me ya sami ƙwaƙwalwar ɗansu, tunda sau da yawa hoton IRM, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, lafiya lau yake fitowa. Abin da likitoci ke so mu faɗa shi ne babu wurin da ya lalace, yadda sassan ke haɗuwa ne ya bambanta. In ka ce "haɗin jijiyoyi", uwa jijiyar jini take ji, sai ta hau tambayar maganin hawan jini.

Malamin kimiyya, Marwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mu fara daga tushe. Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kowace na miƙa wa dubban 'yan'uwanta saƙo ta wani ɗan wuri da ake kira synapse. A 2020 wani babban bincike ya lissafa ƙwayoyin gado 102 masu alaƙa da autisme. Da yawansu a wannan wurin suke aiki. Ɗaya daga cikinsu, SHANK3, da ke kan kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 22, tana gina matokarar ɓangaren da ke karɓar saƙon. Wasu kuma irin CHD8 aikinsu kunna sauran ƙwayoyin gado da kashe su tun jariri na ciki. Sai mun sami sunan synapse kafin mu sami na babbar kalmar, connectivité cérébrale. Ni "magama" na ce.

Ɗalibin likitanci, Injamena:
Allah ya gafarta Malam, magama ba ta zauna mini ba. Magama ita ce tamu ta nan, inda kogin Logon ya faɗa kogin Shari tsakaninmu da Kusiri, ruwa ya zama ɗaya. A synapse kuwa ƙwayoyin biyu ba sa taɓa juna, akwai 'yar tazara ta nanomita 20 zuwa 40 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), sinadari ne ke ɗaukar saƙon ya haye. Maƙetara ce.

Malamin kimiyya, Marwa:
Na karɓa, ɗana. Maƙetara.

Dattijo mai fassara, Ngaundere:
To ita babbar, abu biyu Bature ya cusa a kalma guda. Akwai zaruruwan da suka tashi daga wannan sashe zuwa wancan, abin da yake nan ko kana barci ko kana farke. Wannan "saƙar ƙwaƙwalwa" ce, kuma duk wanda ya taɓa ganin masaƙa zai gane. Akwai kuma yadda sassa biyu ke motsawa lokaci ɗaya, wanda ake aunawa da IRM fonctionnelle, hoton da ke nuna ƙwaƙwalwa tana cikin aiki. Wannan "sadarwar ƙwaƙwalwa". Amma 'yata, kada ki ce musu sadarwar ta yanke. Wasu masu bincike sun ga ta yi rauni tsakanin sassa masu nisa, wasu sun ga ta yi yawa, kuma wani sauyin gado ƙara ta yake yi, wani ya rage. Ki ce ta sha bamban, ya wadatar.

Ma'aikaciyar jinya, Garwa:
Na gode Baba. Saura "gado", ita ce ke ba ni tsoro. Da na furta ta, uwar miji za ta juya ta kalli matar ɗanta, an gama shari'a.

Ɗalibin likitanci, Injamena:
Gaskiya ne Hajiya. Tun binciken tagwaye na Folstein da Rutter a 1977 aka san halitta na da babban hannu a ciki, amma wasu sauye-sauyen sababbi ne fil, a maniyyi ko ƙwan mace suka faru, babu su a jinin uba balle na uwa. Ki ce "ƙwayoyin halitta", kuma ki ce suna ƙara yiwuwar abin, don akwai masu ɗauke da sauyin da ba su da larurar.

Malamin kimiyya, Marwa:
Ita autisme ɗin fa? 'Yan jaridar Najeriya "galahanga" suke cewa.

Dattijo mai fassara, Ngaundere:
Da ita kuma ake kiran wasu larurorin daban, shi ya sa ban gamsu ba. A buɗe mata nata zaren, Malam.