Iyaye masu koyar da yara a gida, don Allah ku ba ni shawara

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Yara uku nake koyarwa a gida, tsarinmu da safe sujada tare, addu'a da waƙa da haddar aya, sai lissafi, sai karatu da rubutu kafin azahar. A takarda abin gwanin sha'awa, a aikace kuwa ya ƙi tafiya.

Babbar shekararta 11, kafin in juya ta gama aikinta ta zauna tana hamma. Autan ɗan shekara 4 ne, wannan ban damu ba, wasa ne aikinsa. Na tsakiyan ne ya tsaya min a rai, shekararsa 8 amma har yanzu b da d suna rikice masa, hadda kuma yaƙi ce, Zabura 23 da yayarsa ta riƙe tuntuni shi sai kuka, kuma ni tsorona kar yaron nan ya tashi yana ganin Maganar Allah kamar hukunci ce. Na gwada raba musu lokaci kowa da nasa, sai sujadar ta koma abin sauri-sauri, ni kuma kafin rana ta yi na gaji tilis.

Maigida ya ce tsari ɗaya ga kowa shi ne tarbiyya, yana kawo Karin Magana 22:6, ni dai ban ga inda ayar ta ce dole su yi gudu ɗaya ba.

To ku ya kuke yi? In rage masa haddar ya riƙa saurara kawai, ko lokaci ya yi da zan kai shi a duba matsalar karatun?