Me za mu kira "aroko" da Hausa?

Jama'a, ina fassara wani rubutu kan al'adun Yarabawa, kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: aroko. Saƙo ne da ake aikawa da abubuwa, ba baki ba rubutu. A ƙulla su a ganye ko tsumma a ba ɗan aike, shi kansa sau da yawa bai san me ya ɗauko ba.

Ga misali. Wuri biyu, irin na kuɗin da, a ɗaure suna fuskantar juna, zumunci ke nan. In suka juya wa juna baya, an ɓata. A tsohuwar daular Oyo kuwa, in majalisar Oyo Mesi ta gaji da Alafin, wato sarkin Oyo, Bashorun, shugaban majalisar, zai kai masa ƙwarya wayam ko mai ƙwan aku a ciki. Ma'ana jama'a sun ƙi shi, sai ya kashe kansa.

Wani ya ce min "saƙon ishara". Ba laifi, amma ishara ai da ido ko hannu ake yi, ga ka ga mutum. Wata baiwar Allah ta ce "alama". Ta yi faɗi, har tambarin kamfani alama ne. Malaminmu na Hausa ya tuna min da goron gayyata, wanda shi ma abu ne ke magana. Gaskiya ne Malam, sai dai goro kowa ya gani ya gane.

Abin da ya sa na karkata ga zaurance shi ne sau da yawa aroko a kan wasa da harshe ya tsaya. Shida da Yarabanci "efa" ce, "fa" kuma jawowa, don haka wuri shida na nufin zuciyata ta jawu gare ki, ina son ganinki. Mataji "ooya" ne, "ya" kuma rabuwa. Saurayin da ya buɗe ƙunshi ya ga mataji, to ya haƙura. Bahaushen da ba ya jin yaren zai ɗauka kyauta aka yi masa, har ya taje gemu da ita.

Saboda haka na rubuta "zaurancen aike".

Amma wani ɗan'uwa daga Sabo ta Ibadan ya kawo hujjar da ta kusa kayar da ni: agogo, ashana da akawu duk daga Yarabanci muka aro su, me zai hana mu ari aroko? Na amince rabi. A fassarar zan sa aroko a karon farko, in bi shi da "wato zaurancen aike". Wanda ke da wadda ta fi wannan, bismillah, ban miƙa aikin ba tukuna.