Tafin hannuna ya koma ruwan ɗorawa, wa ya taɓa ganin haka?

Mai shan karas: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan kullum da safe sai na matse manyan karas huɗu ko biyar na shanye, don an ce yana gyara ido. Shekaranjiya ƙanwata ta kama hannuna ta juya, ta ajiye nata kusa da nawa. Wallahi tafin nawa kamar na dama kurkum da shi. Tafin ƙafa ma haka. Ba zazzaɓi, ba kasala, ina cin abincina lafiya lau, amma hankalina ya tashi don ciwon shawara ne ya fara faɗo mini a rai. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka ya faɗi yadda ta kaya.

Maman tagwaye: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, maza je ki madubi ki duba farin idonki tukuna. Ni a kan yarana na gani. Suna wata tara na fara ba su dafaffen karas da kabewa da dankali mai jan ciki, ina murƙushewa da cokali. Ɗaya yana lamushewa har da kukan ƙari, ɗayan kuwa tofarwa yake. Bayan 'yan makonni sai gefen hancin mai cin da tafin ƙafarsa suka yi rawaya, ɗan uwansa yana nan yadda yake. Ranar ban yi barci ba. Da muka je asibiti, likita ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa, ta haska, ta ce fari tas. Sai ta tambaye ni me yake ci. Ina lissafa mata tana murmushi. Ko magani ba ta rubuta ba, cewa ta yi in riƙa sassauya masa abinci. Launin bai tafi nan take ba, ya kusa wata biyu yana dusashewa a hankali.

Ma'aikaciyar jinya: Maman tagwaye ta faɗi abin da muke fara dubawa. Shawara tana rina farin ido, sau da yawa kuma fitsari ya yi duhu. Launin karas ba ya taɓa farin ido. Sinadarin da ke rina karas shi ake kira bita-karotin, ɗaya daga cikin dangin karotinoid, waɗanda an san sama da 600 daga cikinsu. A mai yake narkewa, ba a ruwa ba, shi ya sa idan ya yi yawa jiki ke tara shi a kitse da saman fata, ya fi fitowa inda fata ta yi kauri, wato tafin hannu da na ƙafa. Hanji yana juya wani kaso nasa ya zama bitamin A gwargwadon buƙata, idan jiki ya ƙoshi sai ya rage juyawar. Kusan maikirogiram 12 na bita-karotin daga abinci ne ke ba da maikirogiram 1 na bitamin A. Don haka karas ba ya jawo gubar da yawan ƙwayoyin bitamin A ke jawowa.

Batun ido kuma, kada a ɗora wa karas abin da ba zai iya ba. Wanda ƙarancin bitamin A ya sa masa dundumi zai amfana ƙwarai. Mai tabarau kuwa, ko buhu ya cinye, tabarau na nan.

Baban Ummi: Ni nawa darasin ta wajen ƙwaya ya zo. Na shekara 22 ina shan sigari kafin Allah ya raba ni da ita. Ina bari sai na sayi kwalbar bita-karotin, wai in wanke huhu. Da na je ganin likita kan hawan jini, ya ce in zazzage masa duk abin da nake sha a kan tebur. Ita kaɗai ya ware gefe. Ya ba ni labarin binciken da aka yi a Finland kan maza masu shan sigari sama da 29,000, wanda aka fitar a 1994: waɗanda aka ba miligiram 20 kullum sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100. Wani makamancinsa a Amurka dakatar da shi aka yi a 1996 saboda irin wannan sakamakon. Na ce to karas ɗin fa? Ya ce ci abinka, a ƙwaya aka ga matsalar. Malama mai jinya, haka ne ko?

Ma'aikaciyar jinya: Haka ne Baba. Shi ya sa ma a 2013, masu binciken ƙwayoyin da ake ba tsofaffi masu lalacewar tsakiyar ido suka ba da shawarar a cire bita-karotin a sa lutin da ziyazantin. Waɗannan biyun su ne ke taruwa a tsakiyar bayan ido, kuma ana samunsu a alayyafo da gwaiduwar ƙwai da masara rawaya. Ganye ma cike yake da karotinoid, koren ne ya rufe launin.

Hajiya Babba: Ku yi haƙuri in ɗan ɓata muku daɗin hirar. Ni ma tafin hannuna ya yi rawaya, farin idona fes, amma ni ba mai cin karas ba ce. Ga jin sanyi ko ana zafi, ga ƙiba ba dalili, ga barci kamar kasa. Na yi ta cewa tsufa ne. Gwajin jini ya nuna tayirod ɗina, wato halittar nan ta gaban wuya, ta yi rauni, jiki ya kasa juya karotin ɗin yadda ya kamata. An ce mini ciwon suga da na hanta ma suna iya kawo haka. 'Yata, ke kin san abin da kika sha. Wanda bai sha komai ba ya ga launin, ya je a ɗebi jini.

Ɗan autan gida: Tumatir fa? Yayana kullum sai ya sha ruwan tumatir da kankana, nasa hannun ya fi karkata ga ja.

Ma'aikaciyar jinya: Wannan laikofin ne, ƙanena, sinadarin da ke sa tumatir da kankana ja. Ɗan dangin karotinoid ne, amma jiki ba ya mayar da shi bitamin A. Kuma dafaffen tumatir da ɗan mai ya fi ɗanye ba da shi.

Mai shan karas: Na gode 'yan uwa, Allah ya saka. Na duba, idona fari ne. Duk da haka maganar Hajiya ta tsaya mini, jiya na je aka ɗebi jini, hanta da tayirod duk lafiya. Na koma karas ɗaya a rana, a dafe cikin abinci mai ɗan mai, na ƙara ganye da gwanda. Ƙanwata ta ce duk Juma'a za ta riƙa ɗaukar hoton hannuwanmu a jere don mu ga ranar da za su daidaita. Na farko dai mun ɗauka yau, kuma har yanzu nawa ne ke haska hoton.