Abin da anka tattauna kan hawan jinin ido da tsufa

Jama'a zancen da anka yi kan hawan jinin ido (cutar da matsin ruwan cikin ido ka hau, wadda aka kira gilakoma) ya yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. An yarda ido na da sinadarai irin su katalas da ke share gubar da iskar oksijin ka bari, in shekaru sunka ja sai ƙarfinsu ya ragu, gubar ta riƙa lalata magudanar ruwan ido, ruwa ya taru matsi ya hau har ya taɓa jijiyar gani.

2. Wanda ya wuce 40, musamman mu baƙar fata, ko in akwai cutar a dangi, ya je a auna mai ido ko bai jin komi, don ganin gefe ka fara tafiya shiru, kuma abin da ya tafi bai dawowa. Wanga shi ya fi tada min hankali wallahi. Wajen zuwa awon, wasu sun ambaci asibitin koyarwa na Danfodiyo nan Sakkwato.

3. Inda anka rabu: zogale, karas da alayyahu. Wasu sun ce suna taimakon ido, wasu sun ce a ci amma ba su maye maganin ɗigawa da likita ya rubuta.

4. Kar a sai maganin ido mai sitiroyid (sinadarin rage kumburi) a kemis kai tsaye, yana iya ɗaga matsin ido.