Hirar fada: katin dantite da neman kuɗin nakasa

Daren Asabar a fadarmu ta Birni, hira ta koma kan maƙwabcinmu magini da ya faɗo daga bene, yake neman haƙƙinsa a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa.

Dattijon cikinmu ya ce CNSS ta ma'aikatan da aka yi wa rajista ce. A fara tabbatar da lambar rajista, uban gida ya sanar da haɗarin da wuri. Takardar likita ko ɗaya kada a yar. In an kai dosiye, a karɓi shaida mai kwanan wata.

Mun fi daɗewa kan masu cewa "Baba, kawo in kai maka". Mutum ba ya iya zirga-zirga, dole ya miƙa katinsa ga ɗan tsakani, abin yana ƙona mini rai. Da hoton kati ana iya buɗe layin waya da sunanka, a damfari jama'a. Aka ce a rubuta dalili da kwanan wata a kan kowane kwafi, kada a tura kati ta WhatsApp, lambar sirrin Airtel Money kuwa ba a faɗa wa mai kira, ko wane ne. Kati ya ɓata, a je kwamisariya ranar a sanar.