Me ke riƙe gindin maikrotubul a yis ɗin S. pombe?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masu karatun ƙwayoyin halitta. Wani abu ya cije mini a rubutun da nake yi kan rabuwar ƙwayar yis, don Allah a taimaka.

Na gane cewa yis ba ya wargaza fatar nukiliyas lokacin rabuwa, SPB, wato cibiyar da maikrotubul (siraran zaruruwan da ke raba kromosom) ke tsirowa daga gare ta, na dashe a jikinta. A yis ɗin burodi, S. cerevisiae, furotin Spc110 ne ke kama gamma-tubulin (furotin da maikrotubul ke fara tsirowa a kansa) ta cikin nukiliyas, Spc72 ta waje. A S. pombe kuma Pcp1 ke aikin Spc110.

To ga inda na maƙale. Idan aka cire furotin Msd1, Wdr8 ko Pkl1 a S. pombe, maikrotubul na ci gaba da tsirowa lafiya lau, amma da Cut7, furotin da ke tura maikrotubul zuwa ɓangarori biyu, ya fara turawa sai gindinsu ya zame, su zarce SPB su yi tsini ta baya. Ashe kenan tsirowa daban, riƙewa daban? Me ya sa Pcp1 shi kaɗai bai isa ba, alhali yana riƙe da gamma-tubulin? Ni dai na fi zargin Pkl1 birki yake wa Cut7, ba ƙusa ba ce.

Kuma wa ke wannan aikin riƙewa a S. cerevisiae, furotin Kar3 da Vik1 ne? Allah ya saka da alheri.